Sandar da Ta Tsaya a Inci Goma Sha Ɗaya

Kai da wannan takarda ta shigo hannunka, in dai kana da gona a wannan ɓangare namu na yammacin Kansas, kada ka ajiye ta sai ka kai ƙarshe. Ke kuma uwar gida mai leƙen gonakin mutane ta tagar mota a hanyar coci, kina lura da wanda ya gyara da wanda ya bar ciyawa, da ke nake kafin kowa. Ni ma aikina ke nan shekara da shekaru. Ki ji inda ya kai ni, ki kama bakinki tun da sauran lokaci.

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Orval Stegman a asibitin gunduma, kwana tara bayan iskar nan da babu wanda zai manta da ita. Ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya. Ya bar matarsa Verna, da 'yarsu Joleen, da jikoki uku. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa a bayan cocinmu. Mai haƙa kabarin ya ce har ya kai ƙafa shida bai ci karo da ƙasar da za ta dunƙulu a tafin hannu ba. Da marigayin na raye, da ya ce a kai shi ya gani da idonsa.

Ni ce Marlys Wasinger, matar marigayi Leroy, uwar Curtis. Titi ne kawai ya raba gonarmu da ta Orval: tamu a yamma, tasa a gabas. Shekara talatin da takwas muna maƙwabtaka. Shi ya riƙe Curtis ranar da aka yi masa baftisma, don haka a gidanmu babu mai kiran sunansa kai tsaye. Baba Orval muke ce masa, har ni.

Baba Orval, yau da kai zan yi magana, ko da yake na san ba za ka katse ni da zolayar da ka saba ba.

Kai ka laƙaba mini suna Saja. Ka ce tun ranar da ka gan ni a gidan Leroy ina jera yara a bakin ƙofa ina duba farcensu kafin coci, ka san an kawo soja unguwa. Na yi shekaru ina ɓata rai in ka kira ni haka. Yanzu kwana goma sha biyar ke nan da rasuwarka, babu wanda ya kira ni Saja, kuma ban san zan yi kewar sunan ba.

Alherinka ba mai yawan magana ba ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce, Leroy ya faɗi a tsakiyar girbin alkama, bai sake tashi ba. Muna can muna hidimar jana'iza, ni ban ma tuna akwai gona ba. Da muka dawo daga maƙabarta na hangi injin girbinka yana kai-komo a cikin alkamarmu, taka kuwa tana tsaye tana jira, ga hadari na haɗuwa. Kwana uku ka yi. A rana ta huɗu ƙanƙara ta sauko ta kwantar da rabin taka. Da na je yi maka jaje, ka ce, "Saja, alkamar nan dama ba ta yi kyau ba, ƙanƙara ta hutar da ni." Ƙarya ka yi, Allah ya yafe maka ita. Verna ta gaya mini ba ku taɓa samun irinta ba.

Curtis yana da shekara ashirin da biyu lokacin, ya san tuƙin tarakta amma bai san ƙasa ba. Kai ka koya masa. Ba ka taɓa yi masa tsawa a gaban mutane ba, abin da ni uwarsa ba zan iya faɗa a kaina ba.

Amma abin da duk gundumar nan ta san ka da shi, sandarka ce. Ƙarfe ne mai tsawon ƙafa biyar, kaurin ɗan yatsa, da mariƙi a gicciye a sama. Kullum tana bayan a-kori-kurarka. In ka danna ta a ƙasa mai danshi sai ta shige kamar cikin man shanu. Da ta iske busasshiya sai ta tsaya cak, ko da ka hau kanta da dukan nauyinka. Inda ta tsaya, nan ruwan da ƙasa ta ajiye ya ƙare. Dukanmu muna da irinta a gida, yawancinmu mun bar ta ta yi tsatsa a bayan sito. Kai kaɗai ka ɗauke ta da gaske.

Kowace shekara, ranar goma sha huɗu ga Satumba, kafin a fara shukar alkama, sai ka je wuri ɗaya a gonar da ka hutar, ka danna sandar, ka sa babban yatsanka daidai inda ƙasa ta kai. Ba ka ɗaga yatsan sai ka shiga sitonka, ka jingina sandar da bangon katako, ka zaro wuƙa ka yi tsaga, ka rubuta shekarar a gefe. Ka fara tun shekarar da ka karɓi gona daga hannun mahaifinka. Tsaga hamsin da huɗu, daga hagu zuwa dama, babu shekarar da ka tsallake.

Duk wanda ya tsaya gaban bangon nan ba ya bukatar bayani. Na farko-farko suna kai wa ƙirjin mutum. Akwai na shekarun fari a cikinsu da suka faɗi ƙasa, amma shekara biyu ko uku sai su koma inda suke. Daga tsakiyar bango suka sauko ƙugu. A shekarun nan na baya, ko shekarar da muke murna mun ce an yi ruwa, da ƙyar tsagar ke wuce cinya, na shekarun fari kuwa a ƙwauri suke. Ka sha gaya mana cewa fari ba baƙo ba ne a nan, kakanninmu sun gan shi. Abin da ke hana ka sukuni shi ne duk lokacin da ruwa ya dawo, ba ya mayar da ƙasa inda take a da. Ka ce a ganinka ba ruwan sama kaɗai ne ya ragu ba, zafi ne ya ƙaru, iska na kwashe abin da ya sauka, in kuma ya zo sai ya zubo gaba ɗaya a rana guda ya gangare rafi kafin ƙasa ta sha.

An yi maka dariya. A wurin shan kofi na rumbun hatsi, da ka shigo sai wani ya ɗaga murya: "Orval, yau inci nawa ya rage mana kafin tashin duniya?" Kai kuma ka ja kujera ka ce, "Naka ya ƙare tun bara, kai ne ba a gaya wa ba." A kwashe da dariya, kai ma ka yi. Ba ka taɓa fushi ba, ba ka kuma taɓa sauya magana ba. Dokarka biyu ce. In sanda ba ta shiga ƙafa biyu ba, kada a shuka alkama. In shekara ta bushe, kada a sa wa gona ƙarfe, a bar karan bara a tsaye ya yi wa ƙasa inuwa ya tare mata iska.

Yanzu na zo wurin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina jin abin da ake faɗa a gari. An ce Curtis ne ya yi gaggawa, an ce yaran yanzu ba sa jin magana, an ce in ya shiga kanti sai hira ta mutu. To, a saurara. Ban saba wanke 'ya'yana in sun yi laifi ba, kowa shaida ne. Amma ban kuma yarda a ɗora wa ɗana kayan da nawa ne ba.

Gonarmu ta bakin titin coci eka ɗari uku da ashirin ce. Bara mun hutar da ita da karanta a tsaye, da nufin a shuka alkama a kaka. Sai ciyawar nan da maganin feshi ya daina kashewa ta tashi a ciki, nan kore, can kore, wata har gwiwa. Wata Lahadi a watan Agusta, a bakin ƙofar coci, wata daga cikin matan zumunta ta riƙe hannuna tana murmushi ta ce, "Marlys, ashe kun koma noman ciyawa? Allah sarki Leroy." Ba zan ambaci sunanta ba. Ita magana ta yi, ni na ɗauka na kai gida.

Mu a nan an tashe mu a kan cewa gonar mutum fuskarsa ce. Iyayenmu suna alfahari da gonar hutu wadda aka juye ta ta yi baƙi, sumul, babu ko tsinke. Leroy haka yake barin tasa. Ranar, a kan teburin abincin rana, a gaban matarsa da 'ya'yansa, na ce wa Curtis mahaifinsa bai taɓa sa na sunkuyar da kai a coci ba. Ya ce, "Mama, Baba Orval ya ce a bar ta, in ya so a yanke ciyawar daga sama." Na ce, "Orval ne ya haife ka?" Ya ajiye cokali. Mutum ne mai shekara talatin da huɗu, amma na hore shi da jin maganata, ya kuwa ji.

Baba Orval, washegari da safe ka hango garma mai faifai a ɗaure a bayan taraktarmu. Ka tsallako titi da sandarka, ko gaisuwa ba ka gama ba ka ce mu biyo ka. Muka shiga cikin karan. Ka danna. Ka sake matsawa gaba ka danna. Sau biyar. Ka zaro ta ka nuna mini inda yatsanka yake.

"Inci goma sha ɗaya, Saja. Shi ke nan abin da take da shi. Duk zagaye ɗaya da garmar nan za ta yi, kin buɗe wa rana tukunya."

Na ce, "Ciyawar ma ai shan ruwan take yi."

Ka ce, "Tana sha. Ku yanke ta ku bar saiwar da karan. Ciyawa ruwa kawai za ta ɗauka. Iska ƙasar za ta ɗauka gaba ɗaya."

Na ce, "Baba Orval, kai ba ka jin abin da ake faɗa a bakin coci."

Ka dube ni ka ce, "Masu faɗar, a cikinsu wa zai zo ya kama miki gonar in ta tashi?"

Na juya na koma gida. Ina wanke kwanuka na ji tarakta ta tashi. Sau biyu Curtis ya bi ta da garma. Ranar Lahadi da muka wuce, gonar ta yi fes, kuma ina faɗa da kunya, na ji daɗi. Har rage gudu na sa aka yi don in ƙare mata kallo.

Ranar goma sha huɗu ga Satumba ka auna taka a ƙarƙashin kara, inci goma sha shida. Ka yi tsagarka ta ƙarshe, ka rufe sito, ba ka shuka ba. Ka tsallako ka auna tamu ba tare da an roƙe ka ba. Inci biyar. Muka shuka duk da haka, a cikin ƙura, muna cewa in ruwa ya zo za ta fito. Oktoba ta wuce. Nuwamba ta wuce. Dusar ƙanƙara ta sauka sau ɗaya, iska ta share ta daga gonarmu a yini guda saboda babu karan da zai riƙe ta, ta kai ta ta jibge a cikin taka. Alkamar ta fito tsilli-tsilli, yawancinta ko tsiro ba ta yi ba. Zuwa Fabrairu, in ka taka gonar, ƙafarka na nutsewa kamar cikin garin fulawa.

Ka sake zuwa. Ka ce wa Curtis ya sa garma mai haƙora ya tsattsaga ta yanzu, ya tono manyan dunƙulen ƙasa daga ƙasa su tare iska, kafin Maris ta shigo. Yin haka yana nufin mun haƙura da alkamar. Rediyo kuwa na ta cewa akwai alamar ruwa a mako mai zuwa. Curtis ya juyo ya dube ni. Ban ce kome ba. Iyaye mata, ku sani, shirun uwa ma umarni ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Ruwan bai zo ba. Ranar Lahadi, biyu ga Maris, muka tashi da iska daga arewa maso yamma. Muna cikin sujada ta ƙaru. Tagogi suka fara karkarwa. Fada, limamin cocinmu, na tsakiyar wa'azi hasken da ke shigowa ta gilashi ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. Sai warin ƙura. Sai na ji yashi a tsakanin haƙorana. Babu wanda ya juyo ya kalle ni, amma duk cocin an san gonar wa ke tashi, domin ita kaɗai ce tsirara a wannan ɓangaren.

Kun san al'adarmu. In gona ta tashi, ba a tsayawa tambayar laifin wa. Duk mai tarakta da garma mai haƙora yakan fito, a bi gonar a gicciye da iska ana tsaga ta layi-layi har ta kwanta. In aka bar ta, yashinta zai yanke alkamar maƙwabci, ita ma ta tashi, ta tayar da ta gaba, ga kuma titin da manyan motoci ke bi ba sa ganin gabansu. Curtis ya riga kowa fita. Maza uku suka bi shi. Sai na ga ka dafa benci ka miƙe.

Baba Orval, kai da tun da na san ka ba ka taɓa kunna tarakta ranar Lahadi ba. Kai da likita ya hana ko shiga rumbun hatsi saboda ƙirjinka, kana yawo da abin shaƙa a aljihu. Verna ta kama hannun rigarka. Na ji abin da ta ce domin ina benci na bayanku: "Orval, akwai yara, ka zauna." Ka cire hannunta a hankali ka ce, "Yaran ba su taɓa ganin irin wannan ba. Ni na gani."

Na bi ku a mota da jiƙaƙƙun tawul da gorunan ruwa. Tafiyar mil biyu, sau uku ina tsayawa domin ban ga hancin motar ba. A bakin gonar na ajiye ta. Ƙarar yashi a jikin ƙofa kamar ana watsa tsakuwa. Taraktoci biyar na ciki amma ban ga ko ɗaya ba, sai fitila ta ɓullo ja-ja ta sake ɓacewa. Ina zaune ina kallon ƙasar da Leroy ya yi shekara talatin yana tattali tana tsallake titi tana wucewa ta kan rufin gidanku. Huɗu daga cikin taraktocin sababbi ne, a rufe ruf. Taka tsohuwa ce, gilashin baya ya fashe tun shekarar da ta wuce ka toshe da kwali. Na san da haka. Kowa ya sani.

Wajen ƙarfe biyu ka iso kan layi kusa da ni. Na fita, iska ta kusa kayar da ni, na tsaya a gabanka ina ɗaga hannu. Ka buɗe ƙofa. Fuskarka duk ƙasa ce, idanu kawai, hanci da baki sun yi laka. Na miƙa maka tawul na ce, "Don girman Allah ka sauko, Curtis zai ƙarasa."

Ka ɗaure tawul ɗin a baki ka ce, "Saja, yau ba ke ce mai ba da oda ba. Je ki gaya wa ɗanki ya zurfafa haƙoran. Sama-sama yake yi, gari kawai yake tayarwa."

Ka ja ƙofa. Na tare Curtis a ƙarshen layinsa na isar da saƙo. Ya zurfafa, sauran ma suka bi. Daga nan ne dunƙulen suka fara fitowa manya-manya kamar kan mutum. Wajen ƙarfe huɗu na fara ganin tarakta biyu a lokaci ɗaya. Ƙarfe biyar na gani duka biyar. Iskar ba ta tsaya ba, gonar ce ta daina ba ta abin ɗauka. Shingenmu na gabas ya nutse har waya ta biyu, amma ƙurar ba ta tayar da gonar kowa ba, kuma babu motar da ta yi karo a titi.

Awa shida ka yi. Da ka sauko ka zauna a kan matakalar tarakta, ka ce bari ka ɗan huta. Ka yi tari, abin da ya fito laka ce. Ka yunƙura za ka tashi ka kasa. Curtis ne ya ɗauke ka cak ya sa a mota.

A rana ta biyar Joleen ta bar ni na shiga wurinka a asibiti. Verna na zaune a gefe, ba ta ɗago ba. An rufe maka hanci da baki da abin numfashi, ƙirjinka na hawa da sauka kamar kana tura kaya. Ka janye abin ka ce, "Gonar ta tsaya?"

Na ce, "Ta tsaya."

"To kukan me kike yi?"

Na ce, "Baba Orval, ni ce na sa shi. Ba Curtis ba ne."

Ka ce, "Na sani mana. Akwai wanda bai san mai ba da oda a gidanku ba?" Ka so ka yi dariya, tari ya sarƙe ka, sai da ma'aikaciyar jinya ta shigo. Da ya lafa ka yafito ni da yatsa. Na sunkuya. Ka ce, "Ni na yafe tun a kan tarakta. Abu ɗaya nake so. Ki koyi kallon gona mai muni ki yi shiru."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar jana'iza na kai burodi mai nama da kabeji, irin wanda kake so, zuwa ɗakin cin abinci na coci. Na ajiye a ƙarshen tebur. Na je gaban Verna na yi mata gaisuwa, ta gyaɗa kai ta juya ga mai bi mini. Ban ga laifinta ba. Shekara hamsin da bakwai kuna tare, ita ce kuma ta riƙe hannun rigarka. Curtis ya ɗauki akwatin gawa tare da sauran, amma bai shigo cin abinci ba. Tun daga ranar ya daina zuwa rumbun hatsi. Ya fara maganar ya ba da gonar haya ya nemi aikin tuƙi a birni. Na buɗe baki zan yi faɗan da na saba, na tuna, na rufe.

Ranar Laraba da hantsi muka ga a-kori-kurarka ta tsallako titi. Verna ce ke tuƙi. Ba ta kashe motar ba. Ta fito ta zagaya baya ta ɗauko sandar, ta tsaya a tsakar gida ta ce in kira mata Curtis. Ya fito yana riƙe da hularsa a hannu.

Ni ta fara duba. Ta ce, "Marlys, ban yafe ba tukuna. Ina addu'a a kai, amma ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce, "Kina da gaskiya."

Ta ce, "Sai dai Satumba ba za ta jira zuciyata ta huce ba. Tsaga hamsin da huɗu, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni kafaɗata ba za ta iya danna wannan abu ba, Joleen kuma tana birni." Ta miƙa wa Curtis. "Kai ka san wurin da yake aunawa. Sito ba a kulle yake ba, wuƙar na kan taga. Na ji ana cewa za ka tafi tuƙin mota. Mijina bai shaƙi gonar nan awa shida don ka ba wani haya ba."

Curtis ya karɓa da hannu biyu. Ta shiga mota ta tafi. Da yamma na hango shi a tsakiyar gonar, a cikin layukan da kuka tsaga, yana danna sandar. Bai sake ta da maganar birni ba.

Baba Orval, ka yi mana gargaɗi sau uku, muka ƙi, da abin ya zo kai ka fara miƙewa. Ba ka taɓa cewa ai na gaya muku ba. Ni da nake taƙama da tarbiyya, a wurinka na ga abin da kalmar take nufi. Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba shi da ƙarshe. Ya sa haskensa ya haskaka maka. Ya kai ka inda babu ƙura, inda ƙirji ba ya nauyi. Ya sa abin da ka yi mana ranar Lahadin nan ya tsaya maka a gabansa.

Verna, ina miƙa miki ta'aziyyata a gaban kowa, kamar yadda na faɗi laifina a gaban kowa. Allah ya ba ki haƙuri, ya zama gatanki a cikin gidan da ya yi miki faɗi. Ba na gaggauta ki. Ina nan tsallaken titi duk ranar da kika ga dama, in ma ranar ba ta zo ba, ba zan ce kin zalunce ni ba. Joleen, da ke da mijinki da yaranku uku, Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya ku a kan halin mahaifinku. Ga dangin Stegman na kusa da na nesa, ga mazan da suka shiga ƙurar nan tare da shi, ga dukan jama'ar cocinmu, Allah ya ba mu jimirin wannan rashi. Ya kuma ba mu ruwa mai sauka a hankali.

Sandar yanzu tana rataye a ɗakin girkina, kusa da ƙofa, inda duk mai fita zai gan ta. Jiya na tara gidan a kan teburin nan da na yi wancan faɗan, na kafa doka, kuma ni ce ta farko da ta hau kaina. Daga yau babu ƙarfen da zai taɓa gonar Wasinger, garma ce ko injin shuka, sai an danna sanda wuri biyar an zo an faɗi incin da ƙarfi a kan teburin nan. In bai kai ƙafa biyu ba, kara zai tsaya, ko da ciyawa ta kai rufin mota. Duk wanda kuma ya shigo gidan nan da maganar abin da mutane ke cewa game da gonarmu, ɗa ne, suruka ce, baƙuwa ce, ko ni kaina, za a ciro sandar a miƙa masa, ya je ya auna ya dawo kafin ya ƙarasa maganar.